Maigidana ya samu katin ƙarfe, ya daina ganin kowa da gashi

Assalamu alaikum Anti. Daga birnin Houston na jihar Texas nake rubuto miki, a nan muke zaune da maigidana da yaranmu uku. Shi ma'aikacin asibiti ne, ni kuma ina ɗan taɓa aiki a makarantar ƙananan yara. Da can mutum ne mai sauƙin kai. Bara ya karɓi wani katin bashi na ƙarfe, irin na manya, wanda kuɗin riƙe shi kaɗai ya haura dala 600 a shekara, tun daga nan na rasa gane kansa. In muka fita cin abinci da abokansa sai ya rantse shi zai biya, ya jefa katin a kan tebur don a ji ƙararsa. In zai yi tafiya, tun da sauran awa huɗu yake filin jirgi, don ya zauna a falon manyan baƙi ya ɗauki hoto ya ɗora a sitatus. 'Yan'uwa a gida suna gani, buƙatu sun ninka. Kwanaki ya daka wa wata yarinya mai kawo abinci tsawa a gaban yaranmu, wai ba ta san da wa take magana ba. Ƙanena da ke karatu a nan ya ciro tsabar kuɗi zai biya wani abu, ya yi masa dariya cikin mutane, ya ce har yanzu bai waye ba. Yaron bai sake taka gidanmu ba. Abin da ya fi tayar min da hankali, na ci karo da takardar banki: ana bin sa dala 11,000 a katin, kuma ɗan mafi ƙarancin abin da aka yanka masa kawai yake biya duk wata. Ginin da muke yi a gida ya tsaya a linta. Da na yi magana ya ce ban san yadda ƙasar nan take ba, bashi hanji ne, kuma da makin da katin ke tara masa in ya yi sayayya za mu je Umara kyauta. Har cewa ya yi hassada ke damuna don ba ni da irinsa. Anti, in karya katin ne, ko in kira Hajiyarsa? Ko kuwa ni ce na cika ƙorafi?

Maman yara, Houston

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Ba ki cika ƙorafi ba. Matar da ta ga takardar bashin dala 11,000 ta buɗe baki, haƙƙin gidanta take nema, babu hassada a ciki. Amma zancen karya kati ki bar shi. Kiran waya ɗaya zai yi a aiko masa da sabo, bashin na nan daram, ke kuma kin ba shi abin kafa hujja da ke har shekara ta zagayo. Hajiya ma ki ƙyale ta tukuna, zan zo kanta.

Bari in fara da abin da ke hannunsa, don in kin san yadda aka ƙera shi za ki rage jin cewa aljanu ne suka shiga maigidanki. Kamfanin American Express ne ya buɗe wannan hanya da katin Platinum a 1984. A 1999 ya fito da baƙin kati mai suna Centurion, wanda ba a neman sa, sai dai kamfanin ya gayyace ka. A Amurka kuɗin shiga dala 10,000 ne, sannan dala 5,000 duk shekara, kafin ka sayi ko allura. A 2016 bankin Chase ya fito da Sapphire Reserve, mutane suka yi masa rububi har ƙarfen da ake buga katin ya ƙare, aka riƙa aika wa wasu na roba kafin a samo wani. Matasa suka dinga ɗaukar bidiyon kansu suna buɗe kwalin katin suna ɗorawa a YouTube. Na roba da na ƙarfe duk aiki ɗaya suke yi a na'urar biyan kuɗi. An ba shi nauyi ne don a ji shi a hannu, a kuma ji shi in ya faɗi a tebur. Wannan jefawar da ke ba ki kunya, ita aka sayar masa, kuma ba shi kaɗai ya saya ba.

Akwai wani bincike da nake so ki sani, don kusan hoton maigidanki ne. Leonardo Bursztyn na Jami'ar Chicago da abokan aikinsa sun haɗa kai da wani babban banki a Indonesiya, aka buga sakamakon a 2018. Sun raba masu katin zinariya na bankin, wanda ke ƙasa da Platinum a daraja, gida biyu, aka kira su a waya. Kashi na farko aka ce za a ƙara musu dukkan alfanun katin Platinum, ƙarin iyakar bashin da za su iya ci da rangwame da sauransu, amma kamannin katinsu ba zai canza ba. Kashi na biyu aka yi musu tayin abu ɗaya, farashi ɗaya, sai dai su za a ba su katin da aka rubuta Platinum a jikinsa. A kashi na farko kusan mutum 14 cikin 100 suka karɓa. A na biyu, 21. Babu abin da ya bambanta su sai abin da ido zai gani. Da suka duba inda ake amfani da katin kuma, sai suka tarar masu Platinum sun fi zaro shi a gidajen abinci da wuraren taruwa, inda akwai masu kallo. Da aka shaida wa wasunsu cewa an sassauta sharaɗin samun Platinum, ƙananan masu albashi ma za su iya samu, sai sha'awarsu ta koma kan wani sabon kati da ke sama da shi. Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi shafar ki: sun ga alamar cewa in aka sa mutum ya tuna wani abu da ya yi a rayuwa wanda yake alfahari da shi, kwaɗayinsa ga kayan nuna isa yakan ragu. Riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Yanzu lissafi. Masu irin wannan kati iri biyu ne, ko da yake a gidan abinci ba za ki bambance su ba. Akwai wanda in wata ya ƙare yake biyan duk abin da ya kashe har sisin ƙarshe. Shi banki ba ya cin kuɗin ruwa a kansa, yana kwasar maki, yana hawa jirgi da su. Mafi ƙurewar irinsu shi ne attajirin nan na Chaina, Liu Yiqian, wanda a 2014 ya sayi wani ɗan kofin tangaran na tarihi a kan kusan dala miliyan 36 da katinsa na American Express, ya tara makin da zai daɗe yana yawo da su. Kuɗin na nan a ajiye, katin hanya ce kawai. Akwai kuma wanda yake barin bashi ya kwana ya tashi. Wani bincike da ya fito a 2023, wanda masanan Babban Bankin Amurka ke cikin waɗanda suka yi shi, ya ƙiyasta cewa ta hanyar katunan maki kimanin dala biliyan 15 ke tashi duk shekara daga aljihun masu barin bashi da waɗanda ba su ƙware a lissafin ba, zuwa aljihun waɗanda suka iya wasan. Maigidanki yana ganin ya shiga sahun farko. Takardar da kika gani ta ce yana cikin masu ciyar da su.

Kuɗin ruwan katin bashi a Amurka a shekarun nan ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Ainihin nasa na rubuce a takardar, ki duba. Mu ɗauka 24 ne. A kan dala 11,000, dala 220 ke nan duk wata, dala 2,640 a shekara, ba a taɓa uwar kuɗin ba. Ki ɗora kuɗin shekara a kai, kun haura dala 3,200. Makin da yake tinƙaho da shi kuwa, a yawancin sayayya bai wuce darajar dala 1 zuwa 2 a kowace dala 100 ba, sai a tikitin jirgi da otal yake ɗan ɗagawa. Kuma muddin akwai tsohon bashi a kan katin, sabon abin da ya saya ma galibi tun ranar saye yake fara tara ruwa. Abincin da ya rantse shi zai biya wa abokansa, har yanzu bai gama biyan sa ba. Umarar da yake kira kyauta, da kuɗin ruwan shekara biyu kacal da kun yi nisa a tanadinta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Tunda Umara ya ambata, ba zan tsallake wannan ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a riƙe katin da aka gindaya wa sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin ruwan ya hau. Wasu malaman sun yi sassauci ga mazauna ƙasashen da rayuwa ke wuya ba tare da kati ba, da sharaɗin a riƙa biya duka a kan lokaci. Ko a wannan sassaucin maigidanki bai shiga ba, don shi ruwan yake biya wata bayan wata. Ni ba malama ba ce, ku tambayi limaminku. Sai dai ina roƙon ki kada ki mayar da wannan sandar dukansa. Mutumin da aka kira mai cin riba a tsakar gidansa ba ya tuba, kare kansa yake yi.

Kashe kuɗin da ya ƙaru ma ba abin mamaki ba ne. Drazen Prelec da Duncan Simester na jami'ar MIT sun yi gwanjon tikitin kallon ƙwallon kwando na ƙungiyar Boston Celtics, aka buga sakamakon a 2001. Waɗanda aka ce da kati za su biya sun taya kusan ninkin abin da masu biya da tsabar kuɗi suka taya. Ƙanenki da aka yi wa dariya shi ne mai wayon wurin. Falon filin jirgi kuwa, ba ni da abin cewa da yawa. Masu katin sun yi yawa har layi ake yi a ƙofar wasu, shi ya sa tun Fabrairun 2023 American Express ya fara karɓar dala 50 a kan kowane babban baƙo da mai Platinum ya shigo da shi, sai in yana kashe dala 75,000 a shekara. In ɗan shayi da kujera mai laushi suna faranta masa rai, wannan ba laifi ba ne. Hoton ne matsalar.

To me ya sa shi? Ban san shi ba, amma na san maza da yawa irinsa. A gida yana da suna, yana da dangi, in ya shiga unguwa ana tashi a gaishe shi. Ya zo ƙasar da ba wanda ya san ɗan waye shi, ana sa shi maimaita magana saboda harshensa, yaron da bai kai ƙanensa ba yana ba shi umarni a wurin aiki, ya haɗiye. Shekara da shekaru yana haɗiya. Ran nan sai ga wani abu a aljihunsa da in ya miƙa ake ce masa ranka ya daɗe, a buɗe masa ƙofar da aka rufe wa wasu. Kin ga dalilin da ya sa maganar da ta fito daga bakinsa ita ce ba ta san da wa take magana ba. Tambayar da ya daɗe yana son ya yi wa wasu ce, sai ta faɗa kan yarinyar da ba ta iya ramawa.

Na faɗi wannan don ki san inda za ki taɓa, ban faɗa don in wanke shi ba. A ganina tsawar nan da dariyar nan sun fi bashin muni. Bashi ana zama a biya shi cikin shekara biyu. Yara uku da suka ga ubansu ya wulaƙanta mai yi musu hidima sun ɗauki darasi, kuma ba a goge shi da kuɗi. Yarinyar nan wataƙila ɗaliba ce kamar ƙanenki, mafi yawan abin da take samu tukuicin masu cin abinci ne, dole ta yi murmushi ta ba da haƙuri ko da ita ke da gaskiya. Mai cin zalin wanda ba shi da bakin ramawa ya san abin da yake yi.

Ga yadda zan yi in ni ce ke. Ba zan haɗa maganganun biyu a zama ɗaya ba, don in kika haɗa zai zaɓi mai sauƙin musu ya tsaya a kai. Fara da kuɗi, shi ne mai lamba, ba ya ɗaukar gardama. Zaɓi daren da ba ya kan aiki, ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci. Kada ki ce ya canza, kada ki ambaci abokansa. Ki ce, Baban yara, ina so mu gama ginin nan, zo mu duba abu ɗaya tare. A jikin takardar bankin akwai wani ɗan akwati da dokar katin bashi ta 2009 ta tilasta wa kowane banki a Amurka ya buga. Yana nuna shekara nawa za a ɗauka, da jimillar abin da za a biya, in mafi ƙarancin kawai ake biya, sannan yana nuna nawa za a riƙa biya duk wata in ana so a gama cikin shekara uku. Ki ɗora yatsa a wurin ki yi shiru. Bari shi ya karanta da bakinsa. Ya ce ba ki san yadda ƙasar take ba, to ga ƙasar da kanta tana yi masa bayani.

Abin da za ki nema kaɗan ne, kuma kada ya haɗa da ƙwace masa katin a daren. A daina sabon saye da shi har a gama biya. A yanka adadin da zai riƙa fita ranar albashi kai tsaye. Kafin kuɗin shekara ya sake faɗowa, ya kira bankin ya nemi a sauya masa zuwa katinsu marar kuɗin shekara. Bankuna da yawa suna yin haka, kuma ya fi rufe asusun gaba ɗaya, don rufewa na iya taɓa makinsa na amanar biyan bashi, wanda da shi ake ba da haya da bashin gida a can. Makin sayayyar da ya tara kuma ya tambaya me zai same su kafin ya sauya, in ya yiwu ya kashe su a tikitin zuwa gida. In lissafin ya fi ƙarfinku, akwai ƙungiyoyin ba da shawara kan bashi da ba na neman riba ba, irin waɗanda ke ƙarƙashin uwar ƙungiyarsu ta ƙasa, National Foundation for Credit Counseling (NFCC). Ku guji masu talla da alƙawarin shafe bashi dare ɗaya.

Yanzu koma kan abin da na ce ki riƙe. Mutumin nan ya bar ƙasarsa, ya ci jarrabawar aikin asibiti da harshen da ba nasa ba, yana ciyar da ku da dangi na gida, ya kai gini linta. Yaushe rabon da wani ya faɗa masa haka? Ki faɗa masa, ba da daɗin baki ba, don gaskiya ce, kuma ki faɗa a gaban yaransa. Ba na ce ke ce za ki cike masa duk ramin ba, wannan aikinsa ne. Amma yabo a kan abin da ya yi da guminsa yana rage masa buƙatar wanda yake saya da kuɗin ruwa.

Bayan kwanaki, in ƙura ta lafa, sai maganar mutunci. Nan ba lallashi. Ki ce masa abin da ya yi wa yarinyar nan a gaban yara bai yi miki daɗi ba, kuma in ya sake za ki tashi da yaran ku jira shi a mota. In ya sake ɗin, ki tashi. Ƙanenki kuma amana ne a hannunsa, baƙo a ƙasar da ba shi da kowa sai ku. Ba sai an yi taron ba da haƙuri ba, kin san mazanmu. Ya ɗaga waya da kansa ya ce, kwana biyu ba mu gan ka ba, ka zo cin tuwo ranar Asabar. Yaron zai gane. Ke ma ki kira shi yau, kada ya ɗauka kin goyi bayan dariyar.

Buƙatun gida kuwa, kada ki ga laifin dangi. Wanda ya ga ɗan'uwansa kullum a falon manya ya ɗauka ya yi arziki, kuma shi ya ce musu haka da hoto. Ku yanka abin da za ku iya aikawa duk wata, ku tsaya a kai. In hotunan suka ragu, kiran zai ragu.

Sai kare kanki. Ki tabbatar ko sunanki na kan katin, kuma a wane matsayi, don wanda aka ba izinin amfani kawai daban yake da wanda ya sa hannu a matsayin abokin bashi. Ki ciro rahoton bashinki kyauta daga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, wato Equifax da Experian da TransUnion, ki ga ko akwai abin da ba ki sani ba. Texas na cikin jihohin da doka ke ɗaukar abin da aka samu cikin aure a matsayin na ma'aurata biyu, saboda haka bashinsa na iya taɓa abin da kuka haɗa. Ki buɗe asusu da sunanki ki riƙa ajiye ɗan abin da kike samu, ki kuma gaya wa maigidan kin buɗe, kada ya zama ɓoye a kan ɓoye.

Hajiya ita ce ta ƙarshe, kuma ina fatan ba za a kai gare ta ba. Tsohuwa tana can nesa, ba abin da za ta iya sai kuka da rashin barci, shi kuma zai ji kin tona masa asiri a wurin da ya fi son a gan shi da daraja. Ba shi wata uku. In ya ƙi zama, ko ya yi alƙawari ya karya, ko kika gano wani katin da ya ɓoye, sai ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri, yayansa ko limamin masallacinku, ki je da takardar a hannu. Ki sanar da shi tun kafin ki je cewa za ki je.

Allah Ya daidaita tsakaninku. Ki gaida min yaran.